Dillalin Aiki Ma Dillali Ne: Abin Da Za A Duba Kafin A Sa Hannu A Jingar Aikin Kwamfuta

A gidaje da rugage da yawa yanzu akwai yaro ko yarinya da aka sayar da sa ko buhunan masara aka kai shi karatu Kara ko Lome, ya dawo da ilimin kwamfuta. Tun da wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano ta sauka Lome a watan Maris na 2022, ana ta neman irin waɗannan yara: masu jan waya, masu haɗa injuna a banki da asibiti, masu rubuta manhaja, masu shigar da bayanai. Sai dai galibi ba mai aikin ne ke kiransu da kansa ba. Wani ofishi ne na samar da ma'aikata ke shiga tsakani, ya kawo takarda da Faransanci ya ce a sa hannu yau. To, kafin a sa, ga abin da ya kamata ku sani.

Abu na farko, ku kalli ofishin nan yadda kuke kallon dillali a kasuwar shanu ta Kunjuware ko ta Sinkase. Yana da amfani, domin shi ya san mai saye. Amma da la'ada yake ci, kuma cinsa yana tsakanin abin da kamfani ya biya da abin da ya miƙa wa yaronku. A ce kamfani na ba ofishin jaka 40 ta sefa a kowace ranar aiki, shi kuma ya ba yaro jaka 25. Jaka 15 ke nan kullum. Ba rashin kunya ba ne a tambaya: nawa mai aikin ke biya, nawa ne rabonku? In sun ƙi faɗa, sai yaro ya ji ta bakin abokansa masu irin aikin. Kuma tayin farko ba a sallama shi. Ku da kuka saba cewa "albarka" ku juya baya, ku koya masa. Yaran makaranta kan ji nauyin mai kwat da teburi, su ɗauka farashin da ke kan takarda ba ya motsi, alhali yana motsi.

La'adar nan daga wajen mai aiki take fitowa. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'idar cewa ofishin samar da aiki mai zaman kansa ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki. Saboda haka duk wanda ya ce a turo kuɗin buɗe fayil, ko kuɗin horo, ko a sayi wasu kaya tukuna sannan a samu aiki a Akara ko Abijan, ku riƙe dabbarku. Kada kuma a miƙa wa kowa asalin fasfo ko takardar shaidar karatu, kwafi ya isa. Ofishin gaskiya yana da mazauni, da rajista, da lambar haraji ta OTR, kuma ana iya tambaya a kansa a hukumar samar da aikin yi ta gwamnati, ANPE.

Abu na biyu shi ne mafi nauyi: shin yaron ma'aikaci ne ko ɗan jinga? Kun san bambancin. Makiyayin da kuka ɗauka yana kwana da garkenku, ci da magani a kanku. Wanda kuma kuka yi jinga da shi ya kora shanu zuwa kasuwa, da ya kai an biya shi, shi ke nan. Ma'aikaci a Togo yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta ranar 18 ga Yuni 2021. Albashinsa ba ya gaza sefa 52,500 a wata tun daga Janairun 2023, yana da hutu da biya, kuma dole a yi masa rajista a asusun CNSS. A can, in albashi jaka 100 ne, ubangida na zuba 17,500 daga aljihunsa, a cire 4,000 daga na ma'aikaci, domin fansho da haɗarin aiki da tallafin iyali. Ɗan jinga ba wanda ke zuba masa wannan. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi babu kuɗi, watan da babu aiki babu kuɗi, kwamfuta da data da man babur duk nasa ne. Don haka in aka taya wa ɗan jinga daidai da albashin ma'aikaci, an cuce shi tun kafin ya fara. Sai ya lissafa waɗannan duka ya ɗora a kan farashi.

A nan ne wasu ke wayo. Su rubuta "mai zaman kansa" a takarda, amma su ce ya zo ƙarfe 7 da rabi kullum, ya zauna inda aka ce, ya bi umarnin shugaba, kada ya yi wa kowa aiki. Doka tana duba wanda ke juya mutum, ba sunan da aka laƙaba masa ba. Wanda ke aiki ƙarƙashin iko da umarnin wani don a biya shi, ma'aikaci ne, kuma yana iya kai kuka ofishin sufetan ƙwadago na jiharsa. Wanda kuma ya zaɓi jinga da gaske, ya yi rajista a CFE ya karɓi lambar haraji, domin ya iya rubuta takardar neman biya da sunansa. Dokar kasuwanci ta OHADA da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ta buɗe wa ƙananan masu sana'a hanya mai sauƙi ta yin haka.

Abu na uku, ba a cinikin biri a sama. A rubuta aikin da ƙidaya: injuna nawa, ofisoshi nawa, a wane gari, zuwa wace rana, gyara sau nawa bayan an miƙa. In ba haka ba, aikin wata biyu zai zama na wata biyar a kan kuɗi ɗaya, kullum "ɗan ƙara mana wannan". Duk ƙari, sabon ciniki ne.

Sai biya. A nemi kafin alƙalami, misali kashi ɗaya cikin uku, saura a raba bisa matakan aiki. A rubuta ranar biya, a ce kwana 15 ko 30 bayan miƙa takarda. Ku kula da layin da ke cewa ofishi zai biya ne idan kamfani ya biya shi. Wannan daidai yake da dillalin da ya tafi da sanku ya ce sai mahauci ya sayar da nama. A roƙi a goge shi, ko a sa masa iyakar kwanaki. A tambaya ko za a cire haraji daga kuɗin, in za a cire a ba da shaida. In ta Flooz ko Mixx by Yas, wato tsohuwar T-Money, za a turo, a faɗi mai ɗaukar kuɗin cirewa, a kuma adana saƙonnin. Ku mutanen iyaka kun fi kowa sanin sha'anin canji: sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, amma sidi da naira suna hawa da sauka. In aikin na Gana ne ko Najeriya, a rubuta farashi da sefa.

Tafiya ma kuɗi ce. Daga Lome zuwa Dapaong ya haura kilomita 600 a kan babbar hanya ta ɗaya. Wanda ke zaune a ofis a bakin teku bai san yadda hanyar ƙauye take da damina ba. A rubuta kuɗin mota, masauki da abinci daban da ladan aiki. Jihar Savanes kuma tana cikin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin 2022. In za a tura yaro gyaran eriya wajen Kpendjal, ya kamata takarda ta faɗi wa zai nemo izini, wa zai ɗauki magani in an ji rauni, ta kuma ba shi damar ƙin tafiya ranar da hanya ba ta da kyau ba tare da an yanke masa kuɗi ba.

Akwai layuka biyu da kan ɓuya a ƙarshen takarda. Ɗaya na hana yaro yin aiki kai tsaye da kamfanin bayan jinga ta ƙare. Dillali na da hakkin kare cinikinsa, amma a taƙaita: kamfani ɗaya da sunansa, wata shida, ba dukan ƙasa shekara biyu ba. Ɗayan kuma na rabuwa ne. In ofishi na iya sallamarsa da sanarwar kwana ɗaya, shi kuwa sai ya ba da wata guda, ma'auni bai daidaita ba. A daidaita kwanakin, a kuma rubuta cewa aikin da aka riga aka yi za a biya shi. Game da manhajar da ya rubuta, a ce ta zama ta mai aiki ranar da aka gama biya. Shi ma yaron a ja masa kunne: bayanan mutane da ya gani a aiki amana ce, kuma Togo na da dokar kare su tun 2019.

Daga ƙarshe, a karɓi takardar a kwana biyu da ita. A kai wa wanda ya iya Faransanci ya karanta layi-layi ya fassara muku. Alkawarin da aka yi ta waya ko WhatsApp a ce a shigar da shi ciki. Kowane ɓangare ya sa hannu a kowane shafi, yaro ya riƙe kwafinsa. Ofishin da ya ce ba zai iya jiran kwana biyu ba, ku san da wuya ya biya a kan lokaci. Ku iyaye ba sai kun san kwamfuta ba kafin ku taimaka, ciniki ne, kuma ciniki a hannunku yaran suka gan shi. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.