Agolan Birnin Faris

A shekarar 1959 François Truffaut, mutumin Faransa, ya fito da majigin nan mai suna Les Quatre Cents Coups. Labarin wani agola ne, Antoine Doinel, wanda uwarsa ba ta ta tasa. Yaro ya shiga gudun makaranta da kwanan titi, har ya saci tafireta a ofishin mijin uwarsa. Garin mayar da ita aka kama shi, mijin uwar da kansa ya miƙa shi ga 'yan sanda.

Shi ma Truffaut an tsare shi yana yaro, sai masanin majigi André Bazin ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa. Don haka ya sadaukar masa da majigin. Ashe ɗan da gida ya yasar, mariƙi ɗaya nagari ya isa ya tsamo shi.