Gyaran Gaɓa Kafin Ginin Gida

Kowace shekara bayan kaka, idan kuɗin masara da auduga suka shigo hannu, magidanta da yawa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi sukan rushe tsofaffin gidajensu na ƙasa, su sake su da bulo da kwano. To, amma ga wanda gidansa ke bakin rafi, akwai aikin da ya kamata ya riga aza harsashi, watau gyaran gaɓa.

Wannan yanki yana samun ruwan sama fiye da arewacin Jihar Katsina, kuma daga kusa da Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya taso. Ruwan watan Agusta yakan riƙa cin gindin gaɓa, musamman inda rafi ya yi kwana, har samanta ya rufta. Abin da ke ƙara ɓarna shi ne haƙar yashi da ƙasar gini a jikin gaɓar, da cike gefen rafi da shara domin ƙarin fili. In aka matse wa ruwa hanya sai ya ƙara gudu, ya auka wa maƙwabcin da ke gangare.

Hanyar gyaran ba ta da tsada. Da fari a ja ginin baya, a bar tazara tsakaninsa da ruwa. Sa'an nan a kwantar da gaɓar ta zama gangare, a jera duwatsu a gindinta, a dasa jema da gamba a jikinta tun farkon damina, domin saiwoyinsu su riƙe ƙasa. Katangar siminti kaɗai ba ta isa ba, gama ruwa yakan bi ta ƙarƙashinta ya kayar da ita.

Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta hallaka mutane fiye da 40, ta nuna abin da ruwa ke yi wa gidajen bakin gulbi. Bayan haka, a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai samun tallafin Bankin Duniya, an gina manyan magudanai a Funtuwa da Malumfashi. Sai dai ƙananan rafukan da ke bayan gidaje suna hannun masu gidajen da masu unguwanni, kuma su ne za su gyara gaɓarsu tun da rani, kafin ruwa ya dawo.