3.4 Fifikon Alamomi da Juya Gaskiya Zuwa Lamba a Harshen C

A wannan sashe za a duba yadda kwamfuta ke tantance alamar da za ta fara aiki da ita. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, ninkawa tana gaban tarawa. Ke nan 2 + 3 * 4 zai ba da 14, ba 20 ba.

Haka kuma, harshen yana ɗaukar sifili a matsayin ƙarya, kowace lamba daban kuwa gaskiya. Sakamakon kwatance shi ma lamba ne, wato 1 ko 0.

Matsala tana tasowa inda ƙa'idojin biyu suka haɗu. Alal misali, mai son gane ko x cika ce yana iya rubuta x & 1 == 0. Da yake == tana gaban &, kwamfuta za ta fara auna 1 == 0, ta sami ƙarya, wato 0. Daga nan x & 0 kullum sifili ne, ko x cika ce ko mara. Manhajar za ta yi aiki ba tare da tsayawa ba, amma amsarta kuskure ce. Maganin wannan shi ne sanya baka: (x & 1) == 0.