Sanyin Ƙasa: Hanyar Rage Zafi a Makarantu da Asibitoci

Manoman rani na Jiratawa sun san wani abu game da ruwan rijiya. Da sanyin safiyar hunturu ruwan yakan fito da ɗumi, da tsakar ranar bazara kuwa sai a ji shi da sanyi. Ba ruwan ne ke sakewa ba, iskar waje ce. Daga zurfin mita 2 zuwa ƙasa, zafin ƙasa ba ya motsi sosai. A yankinmu yana tsayawa kusa da digiri 30 duk shekara, alhali a Afrilu da Mayu zafin rana a Maraɗi yakan kai digiri 40, a daren Janairu kuma ya sauka ƙasa da 15.

Wannan ni'ima tana iya shiga ɗakunan karatunmu da asibitocinmu. Ɗakin siminti mai rufin kwano yakan zama tanda a bazara. Yara su galabaita, karatu ya ƙi shiga, maijego da jaririnta su kasa barci.

Yaya ake yi?

Ana haƙa rami mai zurfin mita 2, tsawonsa kamar mita 30, a shimfiɗa bututu a ciki, a rufe da ƙasa. Baki ɗaya yana waje a inuwa, ɗayan yana cikin ɗaki. Ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana tana jawo iska. Kafin iskar ta iso ɗaki, ƙasa ta shanye wani kashi na zafinta. Da hunturu kuwa ƙasar ce ke ɗumama ta. Faransawa suna kiran wannan dabara rijiyar Kanada. Francis Kéré, gwanin tsara gini ɗan Burkina Faso wanda ya sami kyautar Pritzker a 2022, ya sa irin waɗannan bututu cikin tsarin makarantar sakandare ta ƙauyensu, Gando.

Abin kiyayewa

1. A karkata bututun kaɗan, don kada ruwa ya kwanta a ciki ya yi funfuna.
2. A sa raga a bakinsa saboda sauro, ɓeraye da macizai.
3. A nisanta shi da salga, kuma kada a binne shi a fadamar Gulbi inda ruwa ke kusa.
4. A dasa dogon yaro ko zogale a gefen wurin, domin ƙasar da ke inuwa ta fi sanyi.

Mu sani cewa bututu rage zafi yake yi, ba ya maye gurbin firjin alluran rigakafi. Kuma ya fi amfani a gini mai kaurin bango na ƙasa, irin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa, da aka kammala a 2018.

Gobarar Nuwamba 2021, wadda ta halaka yara fiye da 20 a azuzuwan zana a Maraɗi, ta nuna mana wajibcin gina azuzuwa masu ƙwari. To, in za a gina, a gina wanda yaro zai iya zama ciki a bazara. Haƙa ramin ya fi sauƙi da araha lokacin aza harsashi. Don haka kwamitocin makarantu na Jiratawa, Tibiri da Maraɗi su tada maganar gaban magajin gari da magina tun kafin a soma aiki. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.