Kula da Lafiyar Ma'aikaci: Darasin Gandu a Ƙasar Gobir

A ƙasashen Turai da Amurka manyan kamfanoni suna da al'adar yi wa ma'aikatansu wani shiri na kyautata lafiya a wurin aiki. Akan auna musu jini da nauyi, a buɗe musu ɗakin motsa jiki, a yi musu lacca a kan abinci da barin shan taba da kwantar da hankali. Kamfanin Johnson & Johnson na Amurka yana cikin na farko-farko, gama ya soma nasa tun 1979. Nufin wannan takarda shi ne a duba abin da shi ma'aikacin yake bukata daga irin wannan shiri, sa'an nan a gwada shi da halin ma'aikatan Turba, watau ɗaya daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Isa, da na maƙwabtansu na Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, daura da iyakar Nijar.

1. Abin da bincike ya nuna

A Jami'ar Illinois ta Amurka an raba ma'aikata wajen 5,000 kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kashi ɗaya damar shiga shirin, aka bar ɗayan. Da aka buga sakamakon a 2019, sai aka ga bayan fiye da shekara 2 babu wani bambanci na kirki tsakaninsu, ko wajen kuɗin magani ko wajen ƙwazon aiki. An kuma lura waɗanda suka shiga da son ransu yawanci dama sun fi sauran lafiya tun kafin a soma. A 2024 kuma William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba amsoshin ma'aikata 46,336 a ma'aikatu 233 na Birtaniya, ya tarar waɗanda aka koya wa dabarun kwantar da hankali ba su fi waɗanda ba a koya wa jin daɗi ba. Ra'ayinsa shi ne a gyara aikin kansa, watau yawansa da lokutansa da yadda shugabanni ke tafiyar da shi. Manomin Gobir ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya daɗe da sanin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

2. Sharuɗɗan gandu

Tun kafin aikin albashi ya zo ƙasar Hausa akwai tsari mai sharuɗɗa tsakanin mai sa aiki da mai yinsa, shi ne gandu. M. G. Smith ya bayyana shi a ƙasar Zazzau a 1955, Polly Hill kuma a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1972. 'Ya'ya da ƙanne suna noma gonar gandu ƙarƙashin maigida tun daga safe har azahar. Shi kuwa maigida wajibinsa ne ya ciyar da su da iyalinsu daga rumbun gandu, ya ba da iri da kayan aiki, ya biya musu haraji, ya ɗauki nauyin auren fari. Bayan wannan yakan yanka wa kowa 'yar gona tasa ta kansa, ita ce gayauna, wadda mutanen wajen Maraɗi ke kira gamana. Yamma tasa ce, haka kuma ranakun da al'adar gari ta keɓe, kuma abin da ya noma a nan babu mai taɓa masa.

In aka dubi waɗannan sharuɗɗa za a ga abu huɗu: ci, da lokacin kai, da ɗaukar nauyin iyali, da mafaka ran wahala, gama wanda ciwo ya kwantar ba a hana shi tuwon gidan. Ko ɗan ƙwadago, wanda ke aikin yini ɗaya, yakan sa furar hantsi cikin ciniki, mai gayya kuwa ya san in bai dafa ba gobe ba mai amsa kiransa.

Kada a ɗauka gandu gidan daɗi ne. Kulawar maigida tana tafe da iko, kuma a zamanin da bayi ma sun yi noman gandu ba da son ransu ba. Amma ɗa yana da makami guda: in maigida ya kasa cika nasa, sai ya fita gandu ya kama gonarsa, ko ya tafi cin rani kudu. Ta wurin tafiyarsa ake sanin abin da ya rasa.

3. Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta ɗauki waɗansu daga cikin waɗannan haƙƙoƙi ta rubuta. Ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikin 7, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, da hutun ciwo har kwana 12 a shekara da cikakken lada in likita ya shaida. Mace kuwa tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 a aikin. Sai dai dokar ta fi shafar leburori da akawuna. Malamin makaranta da malamin asibiti na gwamnati ƙa'idodin aikin gwamnati ne ke bi da su.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai sa aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wani asusu. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, har ma da wanda aiki ya taɓa wa hankali. A 2022 kuma aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

A nan akwai wurin da gandu ya fi faɗi. Inshorar ma'aikata ta tarayya, wadda ta soma aiki a 2005, an gina ta a kan ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Malamin da ke da mata biyu da 'ya'ya tara da tsohuwa a ɗaki, rabin gidansa yana waje sai ya ƙara biya. Shi kuwa ba ya raba lafiyarsa da tasu, domin in zazzaɓin damina ya kama yaro, uban ne zai bar aji ya nemi magani.

4. Hanya da kwanan gida

Bukata ta huɗu, watau mafaka, ita ce ta fi tsanani a wannan yanki. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa maharan hanyar sadarwa. A Disamba na wannan shekara aka ƙone motar matafiya kusa da Gidan Bawa, fiye da mutum 20 suka rasu. A 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi a watan Agusta.

Wanda aka tura aiki ƙauye a irin wannan hali, tambayarsa ta fari ita ce ta wace hanya zai bi, ina zai kwana, wa zai riƙe iyalinsa in bai dawo ba. Hawan jini da rashin barci da ke damunsa daga nan suka taso, lacca kuwa ba ta kai can.

5. Abin da ya kamata a sa gaba

Saboda haka shirin da zai karɓu a Turba da kewayenta sai ya bi jerin da gandu ya bi. Da fari albashi ya zo a kan kari, gama shi ne rumbu. Na biyu a tsara aiki yadda ma'aikaci zai sami lokacin gonarsa da damina, tun da da wuya a sami mai albashi a ƙauye wanda ba ya noma. Na uku jiyya ta game gidansa duka. Na huɗu a ba shi masauki kusa da wurin aiki, a yarda masa ya ƙi bin hanya ran da aka ji ƙishin-ƙishin, a kuma sanar da shi haƙƙinsa na diyya tun ran da ya kama aiki. Bayan waɗannan ne awon jini zai yi amfani, muddin da yardarsa aka yi, aka kuma rufa masa asirin abin da aka gani, kada ya zama hujjar sallamarsa.

Wannan magana ta shafi kwalejojin horon malamai ƙwarai, domin ɗalibansu ne ake turawa waɗannan ƙauyuka. Malamin da bai sami abin da ɗan gandu ya samu ba zai yi yadda ɗan gandu ya yi: zai nemi canji zuwa birni, ko ya bar aikin. In ya tafi, yaran ƙauyen ne za su zauna ba mai koya musu.