Hayar masu tsaron lafiya a Landan

Hayar masu tsaron lafiya a Landan wani sashe ne na harkar tsaro mai zaman kanta a Birtaniya, inda shugabannin kamfanoni da attajirai masu ziyartar birnin suke biyan ƙwararrun dogarai su kula da lafiyarsu har su bar ƙasar. Abin da ya bambanta aikin a Landan da na ƙasashe da yawa shi ne dogarin haya ba ya riƙe bindiga. Ƙarfinsa yana ga shiri da sanin gari.

Doka da lasisi

Majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar kula da kamfanonin tsaro masu zaman kansu a 2001. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar Security Industry Authority, wadda aka fi sani da SIA, a 2003, kuma tun 2006 ya zama dole duk wanda zai yi aikin dogari bisa kwangila a Ingila da Wales ya mallaki lasisinta. Mai nema sai ya kai shekara 18, ya kammala horon da hukumar ta amince da shi, ya iya ba da agajin gaggawa, sannan a binciki ko ya taɓa aikata laifi. Lasisin yana aiki shekara uku. Yin aikin ba tare da shi ba laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari, kuma kamfanin da ya tura marar lasisi shi ma ya karya doka. Hukumar tana da rajista a intanet, inda kowa zai iya duba lambar lasisin dogari kafin ya ɗauke shi.

Batun makami

A nan ne baƙi suka fi yin kuskure, musamman waɗanda suka saba tafiya da rakiyar 'yan sanda masu bindiga a gida. Birtaniya ta haramta wa farar hula mallakar ƙananan bindigogi a 1997, bayan harbin da aka yi a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, kuma ba a keɓe dogaran haya ba. Hatta feshin barkonon tsohuwa haramtaccen makami ne a ƙarƙashin dokar makamai ta 1968. Dogari ba shi da ikon ɗan sanda: kamar kowane mutum, doka ta ba shi damar amfani da ƙarfi daidai gwargwado ne kawai don kare kai, ko kare wani, ko hana aikata laifi. Motarsa ba ta da jiniya, kuma tana tsayawa a danja. Rakiya da makami aikin wasu rassa ne na 'yan sandan Landan, waɗanda ke kare gidan sarauta, manyan ministoci da wasu baƙin gwamnati. Ba a hayarsu da kuɗi.

Yadda aikin yake

Yawancin aikin ana yin sa ne kafin baƙo ya sauka. Kamfanin yakan auna haɗarin da ke tattare da mutumin: shin sananne ne, yana da abokan gaba, ko kamfaninsa na fuskantar zanga-zanga. Daga nan a tura wani ya duba otal da wurin taro, ƙofofin fita, asibiti mafi kusa, da hanya ta biyu idan ta farko ta cushe. Ana tarbar baƙon a Heathrow, ko a filaye irin su Farnborough da Luton idan jirginsa na kansa ne. Wani dogari ɗaya da direba sun ishe shi, wani kuwa sai tawaga mai canjin aiki dare da rana.

Barazanar yau da kullum ba ta wuce fizgen waya da ƙwacen agogo mai tsada a unguwanni irin su Mayfair da Knightsbridge ba, sai kuma bibiya da satar bayanan kasuwanci. Shi ya sa ake fifita dogari mai shigar ɗan kasuwa, wanda ba ya jan ido, a kan ƙato mai baƙin tabarau.

Abin da ya fi haka muni ma ya taɓa faruwa a birnin. A ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na Najeriya, a ƙofar gidansa da ke Bayswater, aka yi masa allurar barci, aka saka shi a akwati. Sakatariyarsa ce ta ga abin ta kira 'yan sanda, jami'an kwastan kuma suka buɗe akwatin a filin jirgin Stansted. A Nuwamba 2006 kuma aka sa wa Alexander Litvinenko gubar foloniyom a shayi a wani otal da ke Mayfair, ya mutu bayan kimanin mako uku.