Komawa benci da furfura: masu neman zama dakta bayan sun yi iyali

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake ganiyarsa, wanda ake tayarwa da tsakar dare a asibitocin karkara na gundumar Kance majo ne, wato babban ma'aikacin jinya na wurin. Shi zai haska fitilar waya, ya ja fatar idon yaro ya ga ta yi fari fat, ya soki yatsa ya ɗiga jini a kan ɗan allon gwaji, ya yi ta laluben jijiya a hannun da ya gama yanƙwanewa. In yaron na bukatar ƙarin jini, sai ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma a Matamai. In abin ya gagara a can, sai Damagaram, tafiyar kilomita kusan 90 ta Takeita. Wanda ya shekara goma sha biyar yana wannan aiki a Dungu ko Kurni ko Ɗan Barto ya ga ciwo iri-iri, ya karɓi haihuwa ba adadi. Duk da haka takardarsa ta yanka masa iyaka: ba zai yi tiyata ba, kuma kalmar ƙarshe a kan majinyaci tana bakin wani.

Daga cikin irin waɗannan ma'aikata ake samun masu tambayar da mutane ke yi wa dariya a majalisar shayi: mai shekara 35, da mata da ƴaƴa huɗu, zai iya komawa jami'a ya karanta likitanci? Ba su kaɗai ba ne. Akwai ungozoma, akwai mai aikin ɗakin gwajin jini, akwai malamin kimiyya a kwaleji wanda tun yana lise burinsa ke nan, rashin hali ya karkata shi zuwa alli.

A da tambayar ba ta ma tasowa. Makarantar koyon likitanci ɗaya ce a Nijar, wadda aka buɗe a Yamai a 1974, a jami'ar da yanzu ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, kuma tsakaninta da Damagaram kilomita kusan 900 ne. Magidanci ba ya barin gidansa shekara bakwai ya tare a bakin Kwara. Kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa a 2010, da kuma buɗe tsangayar kimiyyar lafiya a Damagaram da Maraɗi, shi ya sauya lissafin. Ɗan Matamai da ke karatu a Jami'ar André Salifou, yana koyon aiki a babban asibitin ƙasa na Damagaram, zai iya shiga mota bayan sallar Juma'a ya ci tuwon dare a gidansa.

Bukata kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 400,000 a gundumar Kance, sama da miliyan uku da rabi a jihar Damagaram, kuma tun daga lokacin an haifi wasu birjik. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa Nijar cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin likitoci, dakta ɗaya ga mutum fiye da 20,000, sannan kaso mai tsoka na ƴan kaɗan ɗin nan yana Yamai.

Ƙofar farko ita ce bakalorya ta fannin kimiyya, C ko D. Da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikatan jinya da takardar BEPC suka shiga makarantar kiwon lafiya, don haka sai sun koma sun zauna jarrabawar a matsayin ƴan takara masu zaman kansu. Nan ake ganin abin tausayi da burgewa a lokaci guda: mutum ya sauko daga gadin dare, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ari littafin lissafin ɗan ƙanensa, yaron da aka yi sunansa a gabansa yana gyara masa kuskure yana cewa, “A'a Baba, ba haka ake fitar da shi ba.” In ya ci, sauran tantancewa, inda takardarsa za ta yi gogayya da ta yara masu sabon kai. Tallafin karatu na hukumar ANAB kuwa an tsara shi ne da ɗalibin da ya fito daga lise kai tsaye a zuciya, wanda shinkafa da wake da kuɗin kwafe takardu suka ishe shi.

Sai lissafin shekaru. Wanda ya ɗaura niyya yana da 35, ya ɓata shekara ɗaya ko biyu wajen bakalorya, ya yi bakwai zuwa takwas a jami'a har ya kare kundinsa ya yi rantsuwa, zai fito yana da 43 zuwa 45, in bai maimaita aji ba. Abin da ya rage masa kafin ritaya shekara goma sha biyar ne da ƴan kai. Ƙwarewa a fanni guda, kamar tiyata ko ciwon yara, wasu shekaru huɗu ko biyar ne a kai, don haka yawancinsu babban likita na kowa da kowa za su tsaya. A ganina wannan ba asara ba ce, domin shi ne ainihin wanda gunduma take nema.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin gida. Ma'aikacin gwamnati da ya sami izinin tafiya ƙaro ilimi yana ci gaba da karɓar albashi. Wanda aka ba hutun ajiye aiki ba ya karɓar ko dala, ɗan kwantaragi kuwa ranar da ya tafi ranar aikinsa ya ƙare. A Matamai albashin mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. Daga ciki ake sayen takin gandu, da buhun gero idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, da ragon suna, da kuɗin makarantar ƴaƴan ɗan'uwan da ya rasu. Mai shirin komawa benci yana neman dangi gaba ɗaya su ɗaure ciki kusan shekara goma. Wadda ta fi kowa biyan kuɗin karatun nan ita ce matarsa, da adashinta da ƙuli-ƙulinta da awakinta, kuma ba a rubuta sunanta a kan takardar digiri. In mace ce mai burin, ungozomar da ta gaji da tura mata masu doguwar naƙuda a mota tana addu'ar su isa da rai, to sharuɗɗan sun ninka: yardar miji, wanda zai riƙe yara, da surutun dangin miji cewa karatu ya hana ta zaman aure. Masu ƙarfafa gwiwa suna cewa gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne, sai dai mai gemu yana da cefane.

A aji ma akwai nasa ɗaci. Shekarun farko na kimiyyar sinadarai ne da lissafin yadda jiki ke aiki da haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da Faransanci, inda ƙwaƙwalwar ɗan shekara 19 take gudu kamar ruwa a gangare. Ƴan aji za su laƙaba masa “Tsoho”, malamin da ke yi masa faɗa wataƙila ƙanensa ne a haife. Gwanintarsa ma takan zame masa tarko, domin ya saba da bin jadawalin “in ka ga kaza, ba da kaza”, yanzu kuma ana tambayarsa dalili. Amma da an shiga ɗakunan majinyata sai reshe ya juye. Shi ya san abin da tsohuwa take nufi in ta ce ciwon daji ko iska ko shawara, ya san yadda ake tambayar uwa ko an ba yaro jiƙo ba tare da ta ji kunya ta ɓoye ba. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma darasin likitanci da Faransanci ake ba da shi, kuma fassara tsakanin littafi da bakin majinyaci sana'a ce da ba a koyarwa a aji.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane amfanin irin waɗannan ɗalibai. Albert Schweitzer malamin addinin Kirista ne kuma makaɗi, ya shiga karatun likita a 1905 yana da shekara 30, a 1913 ya kafa asibitinsa a Lambarene ta Gabon. A Amurka, Carl Allamby, makanikin mota a Cleveland, ya gama makarantar likita a 2019 yana da 47. Ingila ta buɗe kwas na shekara huɗu ga masu digiri tun 2000. Faransa, wadda muka gaji tsarinta, tana barin ma'aikatan jinya da masu babban digiri su nemi shiga aji na biyu ko na uku ta hanyar tantance takardu da ganawa. Ko a maƙwabta, mai digirin kimiyya yana iya neman shiga aji na biyu kai tsaye a Kano ko Zariya. Daura ta fi Damagaram kusa da Matamai, sai dai Ingilishi da kuɗin makaranta sun sa wannan hanya ta zama ta ƴan ƙalilan.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta zama. Matashin daktan da aka turo gunduma yakan zo da ido ɗaya a kan jarrabawar ƙwarewa ko aikin ƙungiyoyin agaji, kuma ban ga laifinsa ba, rayuwarsa yake ginawa. Wanda ya fito yana da 45, yana da gida a Matamai da fadamar rake a korama da tsohuwa a ɗaki, ba ya da inda za shi. Tun 2005 da 2006 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kyauta ba ta aiki in babu mai riƙe wuƙar.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da abin faɗa. Cire majo daga asibitin karkara shekara takwas rami ne da sai an cike, kujerun tsangaya ba su ishi yara ba balle manya, kuma babu tabbacin wanda ya zama dakta ba zai zarce birni ba. Amsar ita ce a ware gurabe kaɗan kowace shekara ga ma'aikatan lafiya masu dogon aiki, a yi musu jarrabawar shiga ta gaske, a bar musu albashinsu, su kuma sa hannu cewa za su yi wa gundumarsu aiki na wasu shekaru. Jarrabawar fita kuwa kada a sassauta ko maki ɗaya. Nijar ta riga ta yi makamancin haka lokacin da ta horar da likitoci na kowa da kowa aikin tiyatar gunduma don kada kowace naƙuda mai gardama ta jira motar birni. Matakin na ma'aikatar lafiya ne da ta ilimi mai zurfi, kuma tsangayar Damagaram na iya zama wurin gwajin farko.